Na Goge Iya Kyauta da Yatsana

'Yan uwa masu bin labarina, wanda ya roƙe ni in rage zagin kaina ya yi haƙuri, yau ma sai na yi. Wanda kuma yanzu ya fara leƙowa, ga inda aka kwana. Sunana Maikano. Ina da ɗan butik na ɗaukar bidiyon biki da suna a Birnin Ƙonni, bayan tasha. Na haura arba'in, matata ta rasu ta bar ni da ɗaki da kamera. Wadda nake so Basira ce, ɗiyar Alhaji Wakili mai manyan motocin albasa. Bazawara ce, tana ɗinki da saƙa a gidan ubanta. Ita ta yarda da ni tuntuni. Uban ne ya kafe.

Abin da ya faɗa wa waɗanda na tura bai ɓoye ba. Ya ce namiji da gemunsa, ya saɓa akwati a kafaɗa yana kutsawa cikin mata suna rawa, wannan ba sana'a ba ce, rashin aikin yi ne. Ya kuma kafa doka: Basira kada ta sake ta taka ƙofar butik ɗina har sai ya yanke magana. Waya kawai ta rage mana.

Abin da ya sassauto da shi mahaifiyarsa ce, Iya Kyauta. Tsohuwar nan ta yi rayuwarta kaf ba ta bari an ɗauke ta hoto ba. Ko da aka zo yin na katin shaida, mayafi ta ja ta rufe fuska har mai hoton ya gaji ya naɗe kayansa. To a shekarar dubu biyu da takwas, gab da faɗuwar damina, aka kira ni suna a Dogarawa, gidan wani jikanta. Ina cikin aiki sai na ji muryarta daga gindin bishiyar bedi.

“Kai mai ido guda a kahwaɗa, taho nan.”

Na je na durƙusa. Ta gyara kallabinta baƙi mai ɗigon fari, ta tofar da goro, ta ce in kunna abin. Ta yi magana har batir ya fara ƙyaftawa. Ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayen tsokana, ta yi waƙar niƙa ta zamanin ƙuruciyarta tana dariya da dasashi, sannan ta dubi cikin kamera sosai ta bar wa Wakili saƙo, don shi yana hanyar Abijan da kaya. Bai dawo ya tarar da ita ba. Allah ya jiƙanta.

Bayan an watse zaman makoki sai ga Alhaji da kansa a ƙofar butik ɗina, bai ma sauko daga mota ba.

“An ce uwata na cikin injinka.”

“Tana ciki, Alhaji.”

“Ranar sadakar arba'in dangi za su taru. Ka kawo min ita bisa faifai. In na ga huskarta, mu zauna kan maganarka.”

Ya ja gilashi ya tafi. Ranar nan ban san na ci abinci ko ban ci ba.

Yanzu bari in gaya muku yadda muke aiki, don ku gane inda na faɗa. Kaset ɗin kamera tsada gare shi, ba mai ajiye shi yana kallo. Kana dawowa daga biki ka juye shi cikin ordinatar, wato kwamfuta, ka mayar da shi kamera a hau kansa da wani bikin. Kaset ɗin Iya Kyauta tuni na hau kansa da wani ɗaurin aure a Tajaye. Ita kuwa tana zaune lafiya cikin diskina na waje, wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanki da ake jonawa da igiya. Nan nake tara komai. Basira ta taɓa saƙa masa jaka ta jan zare saboda ƙura, har jan ya koma ruwan ƙasa don dauɗa.

Matsalar ita ce diskin ya cika maƙil. Cikin ordinatar ɗin ma wani bikin 'yan duwan, wato kwastan, ya cinye wurin. Kafin a buga faifai sai an yanka, an jera, an sa suna, duk wannan kuwa fili yake so. Shi ya sa na aika Sakkwato wurin abokina Chindo mai gyaran kwamfuta, na ce ya sayo mini sabo, kuma irin nawa sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya, don ni abin da hannuna ya sani shi nake so. Direba ya kawo mini shi ana jibi sadaka.

Na jona shi. Shiru. Sai wata 'yar ƙara yake, ƙat, ƙat, ƙat, kamar ƙadangare cikin kwano. Na cire, na hura bakin igiyar, na mayar. Ƙat, ƙat. Na kashe inji na kunna. Ƙat, ƙat.

Na sa layin Najeriya a salula. A Ƙonni yana kamawa, amma a butik ɗina sai ka fito bakin ƙofa ka jingina da turken rumfa, in ka shiga ciki ya ɗauke. Haka na yini: in fito in ji magana, in ruga ciki in danna, in dawo.

“Chindo, mushe ka aiko min.”

“Mushe gidanku. Igiyar kai nawa gare ta?”

“Biyu ta gehe guda.”

“Kai kuma nawa ka soka?”

“Guda. Ɗayan na zaci na ajiya na, in wannan ya lalace.”

“Oga, yunwa shika ji! Wuta ba ta isar shi. Soka duka biyun, kuma ta bayan inji, ramukan gaba ba su da ƙarhi.”

Na kwanta ƙasa da riga ta mai kyau na lalubo bayan inji na soka. Ƙarar ta tsaya, fitila ta kawo shuɗi, diski ya fito. Na ce alhamdu lillahi. Don gwaji na ja bikin 'yan duwan na jefa masa. Sai wani akwati ya faɗo da jan alama. Na sake. Ya sake faɗowa. Faransancina na lakwal, wato makaranta, bai wuce gaisuwa da lissafi ba, amma wannan saƙon na san shi: wai babu wuri. Diski sabo fil, ko tsinke babu a ciki, yana ce mini babu wuri!

Na koma turke.

“Ba ƙarya yai maka ba,” in ji Chindo. “Tsarin da anka yi mishi daga kamfani tsoho na, ba shi haɗiye abu guda da ya wuce jiga huɗu. Bidiyonka ya hi nan. Sai an wanke shi an sake mishi tsari, irin wanda na yi ma tsohonka tun bara waccan. Tunda za a taɓa, mu raba shi ɗaki biyu, guda na aiki, guda na ajiya. Amma ji nan, Maikano. Kahin ka taɓa komi, cire tsohon. Cire shi ka kai shi nesa. Wankin ga ba shi barin ko ƙura.”

“Na ji.”

Ina juyawa zan shiga, fanka ta tsaya. An ɗauke kuran, wato wuta. Na zauna cikin zafi ina kallon baƙin gilashi, diski biyu ajiye gefe da gefe a kan tebur, tsoho cikin jar jakarsa, sabo tsirara. Na zare igiyoyinsu duka biyu, don in wuta ta dawo da ƙarfi kada ta ƙone mini su. Aka kira la'asar. Na jawo ƙofa ban kulle ba, don masallacin nan ne ƙetaren titi, kuma mai shayin kusa da ni idonsa na kai.

Da na dawo, tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini. Humra. Irin wadda Basira ke haɗawa da kanta, mai ɗan ƙanshin farce. Kan kujera ga kwanon silba an ɗaure da sabon kallabi mai ruwan goro, ciki dambun zogale da ƙuli da soyayyar albasa, har da ɗumi. Teburina da ban taɓa gogewa ba yana ƙyalli. An jera faya-fayai, an tattara igiyoyi, an zubar da ɓawon gyaɗa. Diskin nan biyu kuwa, ɗaya sanye da sabuwar jaka koriya shar mai farin baki da ɗan maɓalli, ɗaya tsirara. Jar jakar babu ita.

Ɗaya salular tawa, mai layin gida, ta yi ƙara. Mesaj ne.

“Slm. Na biyo daga sayen zare, ban tarar da kai ba. Ga rigar sabon yaronka da na yi alkawari. Na tahi da jar in wanke, ta yi ƙazanta kamar mai ita. Ka ci abinci don Allah. Kada kowa ya ji na zo.”

Na karanta shi a hankali yadda nake karatu, na sake karantawa. Namiji da furfura a gemu, na tsaya ina wa waya murmushi kamar wawa. Macen nan ta taka dokar ubanta don ta kawo mini dambu. Na rubuta mata: “Na gani. Ta yi kyau. Allah ya bar mu.” Ina turawa fanka ta motsa, kuran ya dawo.

To ku ji yadda kan ɗan Adam ke aiki. Sabuwar riga, sabon diski. Wanda aka tuɓe wa jar jaka, shi ne tsirara, shi ne tsoho. Akwai wanda zai ce ba haka ba? Na ɗauki na tsirara da hannu biyu kamar jariri, na sa a aljihun tebur na tura. Na jona mai koriya. Ban buɗe shi na duba cikinsa ba. Dannawa biyu ce kacal, ban yi ba.

“Ka cire tsohon?” Chindo ya tambaya.

“Shina cikin aljihun tebur.”

“Madalla. Shiga wurin da ake ganin diski kwance kamar katako. Na ƙasa shi na naka. Danna mishi ta dama, ɗauki layin da ke share shi.”

Na ruga na danna. Wani akwati ya fito da rubutu dogo da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Ni tun da na fara taɓa ordinatar, ba rubutu nake bi ba, wuri nake bi. In akwati ya fito da maɓalli biyu, na hagu shi ne ci gaba. Shekaru ina haka ban taɓa faɗuwa ba. Na danna na hagu. Shuɗin katakon ya koma baƙi.

Na yi ta safa da marwa tsakanin turke da tebur. Muka yanka shi biyu, muka ba kowane ɗaki harafinsa, muka zaɓi sabon tsari, muka sa wankin gaggawa. Ba a jima ba ɗakuna biyu suka fito fes. Na ja bikin 'yan duwan na jefa a ɗakin farko. Babu jan alama. Koren layi ya kama tafiya. Na ce wa Chindo Allah ya biya shi, na kashe waya, na wanke hannu na buɗe dambu. Ina ci ina kallon layin nan yana cika, ina jin daɗi. Wallahi har lashe yatsa na yi.

Da ya gama, na jawo aljihun tebur na fito da na tsirara, na jona, don in kwaso Iya Kyauta in fara aiki.

Ƙat, ƙat, ƙat.

Tsohona bai taɓa wannan kukan ba, kai ɗaya na igiya ya ishe shi. Na soka kai na biyu. Ya fito. Na buɗe. Fari fat. Babu Dogarawa, babu Tajaye, babu Malbaza, babu komai. Na juya shi na duba ƙasansa: ledar kamfani ma ba a ɓare ba. Na fizge koriyar jaka daga ɗayan. Ga tabon da ya yi ranar da ya faɗo mini daga babur, ga kusurwar da ta goge.

Ashe Basira ta ɗauke su ne ta share musu ƙura, baƙi da baƙi, kamfani ɗaya, ta ajiye, ta sa wa wanda hannunta ya fara kaiwa. Ina za ta sani? Ni da na san su, na duba?

Ban san lokacin da na isa turke ba.

“Chindo, na kashe kaina. Tsohon munka wanke.”



“Inna lillahi. Zare shi yanzu-yanzu. Kada ka sa mishi komi. Wankin gaggawa suna kawai shika gogewa, kayan na nan kwance in ba a hau kansu ba. Ba ka dai zuba komi ba ko?”

“Na zuba bikin 'yan duwan.”

“Duka?”

“Duka.”

“Kai, Maikano. Kai, Maikano!”

“Bar kiran sunana, gaya min abin yi!”

“Ina da abin da ka tono su. Amma sai ka kawo shi nan, kuma shina ɗaukar kwanaki, ba aikin yini ba na. Inda bikin ya kwanta, wannan ya tahi har abada. In tsohuwar tana can ƙarshen diski, wataƙila. In tana farko, sai haƙuri. Ko ta hito, tana iya hitowa guntu-guntu, murya babu huska, ko huska babu murya. Ban yi maka alkawari ba.”

Sadaka jibi. Na zauna a ƙasa bakin ƙofa, mai shayi yana tambayata ko rasuwa aka yi. Salula ta sake ƙara.

“Baba ya aika a sayo babbar tele daga Illela don jibi. Yau har ya yi min wasa. Ya ce in ka zo a shigo da kai zaure. Ina jin an kusa.”

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Me zan ce mata? Rigarki ta cinye kakarki? Matar da ta yi kwanaki tana saƙa da zare ɗaya-ɗaya? Na mayar da wayar aljihu ban amsa ba.

Shaiɗan ya kawo mini shawarwari, ba zan ɓoye muku ba. In ce kuran ne ya ƙone shi. In ce ɓarayi. In rufe butik in ce an kira ni aiki garin Tawa. Amma ni ban iya doguwar ƙarya ba, fuskata ke tona ni. Gara in je da ƙafata tun rana ba ta faɗi ba, kafin mutum ya tara dangi daga Abijan da Agadas ya zaunar da su gaban tele. Na mayar da diskin cikin koriyar jakarsa don kada ya bugu a hanya, na sa a aljihun gaba, na tari kabu-kabu.

Ƙofar gidan Alhaji cike da buhunan albasar Galmi, direbobi na zaune kan tabarma suna jiran shayi ya nuna. Shi yana cikin zaure kan kujerar roba, farar shadda, hula ajiye a gwiwa, carbi a hannu. Yana ganina ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini hannu.

“Maikano. Shigo, zauna nan kusa. A kawo mishi ruwa.”

Na durƙusa nesa. Ya ce in matso.

“Ka san ban barci sosai? Ina ruhe ido in nemi huskarta, sai ta ƙi tsayawa. Kallabin nika gani, huskar ba ta zama. Ƙannena duk sun ji saƙon da ta bar min, ni kaɗai ban ji ba. Na hana su gaya min. Na ce da bakinta nika so in ji.” Ya share ido da bakin riga, ya yi 'yar dariya. “Ashe sana'ar taku tana da rana. Ka gama?”

Da duka ya rufe ni da shi da ya fi mini sauƙi.

“Alhaji, na goge ta.”

Carbin ya tsaya.

“Ka mi?”

Na faɗa masa yadda zai gane. Akwati biyu iri ɗaya, na wanke wanda bai kamata ba. Na ce akwai mai gyara a Sakkwato, wataƙila a samu wani abu, wataƙila ba a samu ba, kuma ko an samu ba za a gama kafin jibi ba.

“Wa ya taɓa maka kaya?”

“Ba kowa. Ni kaɗai na. Yatsana ya danna.”

“Mutum ya yi shekaru da abu, ya kasa gane shi rana guda, ba wanda ya taɓa?”

“Ba kowa, Alhaji.”

“Ina abin? In gan shi.”

Na zaro shi daga aljihu na miƙa da hannu biyu. Ya karɓa. Bai kalli diskin ba. Jakar yake juyawa, yana shafa farin bakin da babban yatsa, ya taɓa ɗan maɓallin. Ya daɗe a haka.

“Maɓallin ga na tsohuwar rigata na,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Yau da azahar ina cin abinci tsakar gida tana ɗinka shi. Na tambaye ta na mi na, tac ce na rediyona.” Ya ɗago ya dube ni. “Da azahar tana gidana. Da la'asar tana jikin injinka. Tashi ta yi sama, ko ƙahwa ta kai ta?”



Ya zare diskin daga jakar a hankali, ya ɗora mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kansa da nasa hannun.

“Wannan uwata ta. Gobe da asuba motata za ta kai ka Sakkwato, kada ka dawo min Ƙonni sai da ita ko da labarin babu.” Ya ninke koriyar jakar biyu ya ɗora kan gwiwa, bisa hularsa. “Wannan kuma tawa ta.”

Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya.

“A kira min Basira.”

Na ji muryoyin mata a ciki, wata ta yi 'yar guɗa aka ce ta yi shiru. Sun ji na zo, sun ji an shigo da ni zaure, an ba ni ruwa. Sai ƙarar takalmi, ba sauri, ba nawa. Labule ya ɗaga. Ta canza kaya, ta sa atamfarta mai ruwan zuma da farin mayafi, ta zizara kwalli. Ta durƙusa bakin ƙofa kanta a sunkuye don kunya, ta saci kallona ta gefen mayafi, tana murmushi.

“Ga ni, Baba.”